Cuku a gidanki: Yadda za ki adana shi da abin da ya dace a ci da shi

 Yau a kan cuku za mu tattauna. A da, idan aka ambaci cuku, hankali kan tafi ne ga Buzaye da tsarabar Nijar. Yanzu kuwa yaranmu sun san piza, sun san makaroni mai cuku, kuma duk babban kantin da kika shiga a Abuja ko Legas ko Fatakwal za ki tarar da firji guda an jera shi kala-kala. Kayan tsada ne, domin sai an daskarar da kusan lita 10 ta madara kafin a samu kilo ɗaya na cuku mai tauri. Abin takaici shi ne a gidaje da dama rabinsa ake ci, rabin ya yi fumfuna a zubar. Wanda ya fi wannan muni kuma shi ne a ci wanda ya kamata a zubar.

Duk sunayen nan da kike gani a jikin leda kada su rikita ki. Abu ɗaya za ki riƙa dubawa, wato yawan ruwan da ke jikin cukun. Mai laushi, mai danshi, shi ne mai saurin lalacewa, domin ƙwayoyin cuta a danshi suke yaɗuwa. Mai tauri wanda ya bushe ya sha gishiri shi ne mai jure ajiya. Idan kin riƙe wannan, ko cukun da ba ki taɓa gani ba aka kawo miki tsaraba, da kin latsa shi da yatsa za ki san irin kulawar da yake so.

Mu fara da namu na gida. Cukun Nijar, wanda ake kawowa daga yankunan Agadas da Tawa, da madarar shanu ko ta awaki ake yin sa. A daskarar da madarar, a baza ta fale-fale a kan ƙaramar tabarma, a bar iska da rana su busar da ita, shi ya sa kike ganin zanen tabarmar a jikinsa. Tun asali don tafiya aka yi shi, kuma a busasshen wuri yakan yi watanni. Babban abokin gabarsa danshi ne. Ke da ke zaune a Agege ko Idi-Araba ko Sabon Ibadan, kada ki ɗauka zai zauna miki yadda yake zama a Agadas. Idan kika ƙulle shi a leda kika ajiye a ɗaki da damina, zai yi gumi, daga nan sai fumfuna. Ki naɗe shi a takarda mai tsafta ko farin ƙyalle, ki sa a inda iska ke ratsawa. In kuwa garinku mai laima ne ƙwarai, ki daka shi ki zuba a kwalba busasshiya mai murfi, ki sa a firji.

Cin sa ma yana da hanya. Buzaye da shayi suke cinsa, a ɓantara a tsoma ko a tauna a kora. Sukan kuma daka shi da gero da dabino a dama da ruwa, abin sha mai riƙe ciki wuni guda. Ki gwada zuba garinsa a fura ko a kunun gyada, za ki ji yadda ɗan tsaminsa ke tashi da zaƙin dabino. Sai dai ki sani, galibi ba a tafasa madarar da ake yin sa da ita. Don haka idan mai juna biyu ce za ta sha, ko ƙaramin yaro, a zuba shi a kunu tun yana kan wuta ya tafasa tare.

Na biyu shi ne wara, wadda matan Fulani ke sayarwa a Ilori da Oyo da Ogbomosho da sauran garuruwan wannan yanki. A Binin da unguwannin zango na Ghana wagashi ake ce mata. Kada ki haɗa ta da awara, wadda da waken suya ake yi. Ita wara madarar shanu ce zalla, ana ɗumama ta a zuba ruwan tumfafiya ta daskare, a ci gaba da dafawa, a tsane a ƙananan kwanduna. Tun da an dafa ta, a lokacin da ta sauka daga wuta ba ta da matsala. Matsalar takan biyo baya ne: ruwan da aka jiƙa ta a ciki, hannun da ya taɓa, ƙudaje, da wunin da ta yi a rana a bakin titi. Ba ta da gishirin kirki, ga ruwa, saboda haka kwana biyu zuwa uku ne iyakarta. Da kin kawo ta gida ki sake tafasa ta a ruwan gishiri na 'yan mintuna, sannan ki soya ko ki sa a firji. Idan ta fara yauƙi ko warin tsami, ta tashi daga aiki, kuma suya ba za ta gyara ta ba.

A ganina an raina wara a girkinmu. Ba ta narkewa a wuta, tana shan miya kamar soso, kuma a wannan zamani da nama ya yi tsada tana iya tsaya masa. Ki yanka ta ƙanana ki soya har ta yi ja, ki jefa a miyar tumatir ko ta agushi ko ta alayyahu minti biyar kafin ki sauke. Ko ki barbaɗa mata yajin ƙuli da albasa, yara su tafi da ita makaranta. Idan babu mai sayarwa kusa da ke, kina iya yin makamanciyarta: ki tafasa lita ɗaya ta madara, ko da ta gari ce mai cikakken maiƙo da kika dama, ki rage wuta, ki zuba ruwan lemon tsami cokali biyu zuwa uku, ki juya a hankali. Da ta tsinke, ki juye a ƙyallen tata, ki ɗaure ki danne da abu mai nauyi na awa ɗaya. Ban ba ki shawarar taɓa tumfafiya ba. Masu sana'ar sun san gwargwadonta, kuma farin ruwanta yana illa ga ido.

Yanzu mu shiga kanti. Cheddar, wanda ya samo sunansa daga wani ƙauye a kudu maso yammacin Ingila, shi ne kika fi gani, kuma shi ya fi dacewa da mai farawa. Yana da tauri, yana narkewa da kyau, yana jure ajiya. Gouda da Edam na ƙasar Holan ne, sun fi shi sanyin ɗanɗano, kuma jan abin da ke lulluɓe da Edam kakin kariya ne, ɓarewa ake yi, ba a ci. Parmesan na Italiya shi ne mafi tauri, na asalin sai ya shekara guda aƙalla a ajiye kafin a fito da shi kasuwa, kuma gurza shi ake yi kaɗan a kan taliya. Waɗannan duka, in ba a buɗe ba, sukan yi watanni a firji gwargwadon ranar da aka rubuta. Da kin buɗe, ki lissafa mako uku zuwa huɗu.

Masu laushin su ne Mozzarella, mai jan zare a kan piza, da Feta na ƙasar Girka da ake yi da madarar tumaki a jiƙa a ruwan gishiri, da cukun shafawa a burodi, da su Brie da Camembert na Faransa masu farin ɓawo. Waɗannan idan an buɗe, mako ɗaya ne. Feta kan wuce haka muddin yana nutse a ruwan gishirinsa, don haka kada ki tsiyaye ruwan ki zubar. In ya ragu, ki haɗa wani da tafasasshen ruwan da ya huce da gishiri ki ƙara.

Akwai kuma wanda aka sarrafa, irin yanka-yankan nan da ake naɗe kowanne a ledarsa, da mai kusurwa uku mai hoton jar saniya tana dariya, wanda aka fara yi a Faransa tun 1921. Shi wannan narka cuku ake yi a haɗa da wasu sinadarai don ya daɗe bai lalace ba. Ba laifi ba ne a ba yara jefi-jefi, amma gishirinsa yakan yi yawa. Ki kuma riƙa juya bayan leda kina karanta abin da aka haɗa. Wani abin da ake sayarwa da arha da sunan cukun piza, man itatuwa ne da sitaci aka haɗa da ɗan sinadarin madara. Ki duba lambar NAFDAC da ranar ƙarewar aiki, ki taɓa ki ji ko da sanyi a jikinsa. Ledar da ta kumbura, ko wadda maiƙo ya taru a cikinta, alama ce firjin kantin ya sha mutuwa. Ki mayar ki ajiye.

Maganar halacci ma ta shigo nan. Ana daskarar da yawancin cuku ne da wani sinadari da a asali ake cirowa daga tumbin ɗan maraƙi, ko da yake yanzu kamfanoni da yawa sun koma ga wanda ake samarwa ba daga dabba ba. Parmesan na asali, a ƙa'idarsa, da na maraƙin ake yi. Malamai sun yi bayani a kan hukuncin wannan kuma akwai saɓani, sai a tambaye su. Wadda ke son fita daga shakka ta nemi mai tambarin halal, ko wanda aka rubuta cewa ya dace da marasa cin nama.

To, ga inda aikin yake, wato ajiya a ƙasar da wuta ke zuwa tana tafiya. Firji ya kamata ya tsaya a digiri 4 na ma'aunin Salshiyas ko ƙasa da haka. Kada ki sa cuku a jikin ƙofa, nan ne ya fi ɗumi saboda buɗewa da rufewa. Aljihun ƙasa na kayan lambu ya fi masa, ko can ciki. Idan kin buɗe mai tauri, ki cire shi daga ledarsa, ki naɗe da takardar gashin kek, sannan ki sa a roba mai murfi. Leda idan ta manne masa takan tara gumi, shi kuwa barinsa a buɗe yakan sa ya bushe ya tsage, ya kuma kwashi warin duk abin da ke kusa. Cukun da ya kwana kusa da daddawa ko busasshen kifi, da safe sai dai ki ci daddawa. Kowane iri da robarsa, kuma ki rubuta ranar da kika buɗe a jikin murfin. Wuƙar da aka yanka nama ko albasa da ita kada ta taɓa shi sai an wanke an goge.

Idan aka ɗauke wuta, firjin da ba a buɗewa yakan riƙe sanyinsa kimanin awa huɗu. Firiza cikakkiya kan kai kwana biyu, wadda ke rabi kuma kwana ɗaya. Wannan lissafin sai an hana yara zaryar neman ruwan sanyi. Idan wutar ta wuce haka har cikin firjin ya yi ɗumi na fiye da awa biyu, Cheddar da Gouda da Parmesan da wanda aka sarrafa za su tsira, ko da sun ɗan yi gumin mai. Amma Mozzarella da cukun shafawa da Brie da wara da duk wanda aka saya a gurje, zubarwa ake yi. Na san zubar da abin da aka saya da tsada yana da ciwo, sai dai kuɗin gadon asibiti ya fi shi. Dabarar da ta fi ita ce tun farko ki sayi kaɗan, kuma in wutar unguwarku ba ta da tabbas ki tsaya ga masu tauri. Ki riƙa daskarar da robobin ruwa a firiza, da an ɗauke wuta ki mayar da biyu cikin firjin kusa da kayan madara.

Firiza tana amfani ga wanda za ki yi girki da shi. Ki gurza Cheddar ko Mozzarella, ki ƙulla kashi-kashi daidai girki ɗaya, ki daskarar. Zai yi wata biyu zuwa uku lafiya, kuma kai tsaye za ki zuba shi a kan abinci ba sai ya saki ba. Wanda ya narke kada a sake daskarar da shi. Dunƙulen da aka daskarar yakan riƙa marmashewa in an zo yankawa, shi ya sa gurzawar ta fi.

Fumfuna fa? Idan a kan mai tauri kika ga ɗigo, ki yanke wurin da faɗin santimita biyu da rabi ta kowane gefe har ƙasa, ba tare da wuƙar ta ratsa fumfunar ba, ki sauya takarda, sauran ya ciwu. Idan a kan mai laushi ne, ko gurzajje, ko yanka-yanka, duka za ki zubar, domin saiwoyinta sun riga sun ratsa inda ido ba ya gani. Akwai cukun da da gangan ake sa masa fumfuna ta musamman, kamar Roquefort mai shuɗin zane da farin ɓawon Brie. Wannan daban yake da wadda ta tsiro a firjinki.

Mai juna biyu, wannan sakin layin naki ne. Akwai ƙwayar cuta mai suna listeriya da ke iya zama a cuku mai laushi, kuma abin da ya sa ake tsoronta shi ne sanyin firji ba ya hana ta yaɗuwa. Ga lafiyayyen mutum takan tsaya a zazzaɓi da ciwon jiki. Ga mai ciki kuwa tana iya jawo ɓari, ko haihuwa kafin lokaci, ko a haifi jariri da cuta mai tsanani, alhali uwar ba ta ji wani ciwon kirki ba. Alamunta kan iya ɗaukar makonni kafin su bayyana. Saboda haka har ki sauka ki bar Brie da Camembert da mai shuɗin zane, da duk cuku mai laushi da aka yi da ɗanyar madara, sai dai in an dafa shi har yana tururi. Masu tauri ba su da wannan matsala, haka wara da aka tafasa aka soya aka ci da zafinta. Tsofaffi da masu ciwon da ya raunana garkuwar jiki su ma wannan ƙa'idar za su bi.

Ɗanyar madara da abin da aka yi da ita na iya ɗauke da cutar da makiyaya ke kira bakkale, wadda ke sa shanu ɓari. A jikin mutum zazzaɓi take kawowa mai tafiya yana dawowa, da gumin dare da ciwon gaɓoɓi, kuma sau da yawa sai a yi ta shan maganin maleriya da taifot ba sauƙi. Duk wanda ke fama da irin wannan zazzaɓi ya gaya wa likita idan yana shan ɗanyar madara ko cin cukunta. Akwai gwajinta, kuma maganinta yakan ɗauki kimanin mako shida.

Cuku abinci ne mai gina jiki. Yanki daidai girman kwalin ashana, wato giram 30 na Cheddar, yana ba da sama da miligiram 200 na sinadarin kalsiyam mai ƙarfafa ƙashi da haƙori, babban mutum kuwa kimanin 1,000 yake buƙata a rana. Waɗanda madara ke kumbura wa ciki ma galibi suna iya cin mai tauri, domin sukarin madarar ya kusa ƙarewa a cikinsa. Amma kusan kashi ɗaya cikin uku na Cheddar kitse ne, ga gishiri. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya kai giram 5 na gishiri a rana, ƙasa da ƙaramin cokali ɗaya ke nan, kuma Feta da Halloumi suna cikin masu gishiri sosai. Idan maigida na da hawan jini, kwalin ashanar nan ya ishe shi, kuma ranar da kika sa cuku a girki ki rage gishiri da dunƙulen ɗanɗano. Jiƙa Feta ko Halloumi a ruwa na ɗan lokaci yana rage masa gishiri. Jaririn da ya wuce wata shida ana iya ba shi ɗan gurzajjen cuku mara gishiri sosai a cikin abincinsa, wanda aka yi da dafaffiyar madara.

Masu shan magani su lura. Kalsiyam yana hana jiki tsotse ciprofloxacin, wanda ake yawan bayarwa don taifot, haka ma tetracycline. A bar tazarar awa biyu aƙalla tsakanin maganin da kayan madara. Masu shan isoniazid na tarin fuka kuma, tsohon cuku irin Parmesan ko Cheddar da ya daɗe yana iya sa musu ciwon kai da bugun zuciya da jin zafi a fuska. A tambayi likita ko mai ba da magani.

Wajen haɗi, Turawa da giya suke auna cukunsu, mu kuwa muna da abin da ya wadatar. Mai gishiri yana son zaƙi, mai maiƙo yana son tsami, mara ɗanɗano sosai yana son yaji. Cheddar da dabino ko yankakken tuffa, ki gwada ki ba ni labari. Feta ki marmasa a kan kankana mai sanyi lokacin zafi, ko a kwaɗon zogale da tumatir da gurji, ba sai kin ƙara gishiri ba. Halloumi na tsibirin Kubrus, kamar wara, ba ya narkewa, don haka ki tsire shi da tattasai da albasa ki gasa, ki barbaɗa yajin tsire. Gurasa kuwa kamar don Mozzarella aka yi ta: ki shafa soyayyen tumatir, ki zuba cukun, ki sa a kasko ki rufe a kan wuta kaɗan na minti biyar, yara sun samu piza ba tanda. Abin korawa, zoɓo mara sukari da yawa ko shayi mai citta sun fi lemon kwalba yanke maiƙon. Ɓawon Parmesan ma kada ki yar, ki jefa a miyar taliya ya dahu ki cire.

Cuku ba ya son wuta mai ƙarfi. In ya sha zafi sai mai ya ware gefe, sauran ya koma kamar roba. A wainar ƙwai ko makaroni ko dankalin Turawa, ki zuba shi a ƙarshe, ki kashe wuta, ki rufe tukunyar, zafin abincin ya narkar da shi.

Idan baƙi za ki ajiye wa a faranti, iri biyu ko uku sun isa, kowanne da wuƙarsa, a kewaye da dabino da gyaɗa da burodi. Littattafan girkin Turai kan ce a fito da cuku daga firji awa ɗaya kafin a ci don ƙamshinsa ya tashi, amma da sanyin ƙasarsu suka yi lissafi. A nan minti 15 zuwa 20 ya isa. Ki yanko wanda za a ci kawai, sauran ya zauna a firji. Farantin kada ya wuce awa biyu a waje, in kuma ana tsananin zafi, sama da digiri 32, awa ɗaya. Mai laushin da ya rage bayan baƙi sun tashi ba ya komawa firji. Mai taurin kuwa ki goge gumin jikinsa da takarda, ki gurza, ya shiga wainar ƙwan karin kumallo.